Kujerun mata a hukumomin daraktoci: yadda dokar kashi 40 ta Norway ta yi aiki da inda ta tsaya

A ranar 22 ga Fabrairu 2002 jaridar VG ta Norway ta fito da wata hira da ministan kasuwanci da masana'antu, Ansgar Gabrielsen. A ciki ya ce ya gaji da yadda wasu shafaffu da mai, dukkansu maza, suke zaɓen junansu a hukumomin daraktocin manyan kamfanoni, kuma idan kamfanonin ba su gyara da kansu ba, gwamnati za ta gyara musu da doka. Abin da ya sa maganar ta yi ƙara shi ne bakin da ta fito. Gabrielsen ɗan jam'iyyar Høyre ne, ta masu ra'ayin 'yan mazan jiya, wadda 'yan kasuwa ke ɗauka a matsayin gidansu, kuma bai jira amincewar abokan aikinsa na gwamnatin Kjell Magne Bondevik ba kafin ya kira ɗan jarida. A lokacin, cikin kujeru 100 na daraktocin kamfanonin da ake magana a kai, kusan 6 kacal mata ke zaune a kai.

Ƙasar ta riga ta saba da rabon kaso. Tun 1988 dokar daidaiton jinsi ta Norway ta wajabta cewa duk kwamitin da hukuma za ta naɗa sai kowane jinsi ya samu aƙalla kashi 40 cikin 100. Manyan jam'iyyu da dama suna bin irin wannan ƙa'ida wajen tsayar da 'yan takara, kuma a 1986 firaminista Gro Harlem Brundtland ta kafa majalisar ministoci mai mutum 18, takwas daga ciki mata. Sabon abu a 2002 shi ne shigar da ƙa'idar cikin dukiyar 'yan kasuwa, inda masu hannun jari ke ganin su kaɗai ke da ikon zaɓen wanda zai kula musu da kuɗinsu.

Wa dokar ta shafa, kuma yaya ake lissafin

Norway tana da kamfanonin hannun jari iri biyu. Akwai AS, kamfani mai zaman kansa wanda yawanci iyali ko 'yan tsirarun abokan hulɗa ke riƙe da shi, kuma irinsa sun haura dubu ɗari. Akwai kuma ASA, wanda aka yarje wa ya sayar wa jama'a hannun jari, wanda sai da jarin kroner (kuɗin Norway) miliyan 1 ake kafa shi, kuma duk kamfanin ƙasar da ke son shiga kasuwar hannayen jari ta Oslo dole ya kasance a wannan rukunin. Dokar da majalisar ƙasa, Storting, ta zartar a ƙarshen 2003 ta hau kan ASA da kamfanonin gwamnati, ta bar AS. Hujjar da aka bayar ita ce a ƙaramin kamfanin iyali mai dukiyar shi ne darakta, ba za a ce masa ya sauka daga kujerarsa ba. Kamfanonin ASA a lokacin sun ɗan haura 500, amma su ne manyan: Statoil, Telenor, Norsk Hydro, bankin DNB da makamantansu. Jam'iyyar FrP ce kaɗai ta ƙi dokar a majalisa.

Kowa yana cewa "kashi 40", amma sashe na 6-11a na dokar kamfanonin ASA, yadda aka zartar da shi a 2003, da adadin kujeru ya yi magana, don ba a raba mutum biyu. Hukumar da ke da mutum 2 ko 3, dole a samu kowane jinsi a ciki. Mai mutum 4 ko 5, aƙalla biyu daga kowane ɓangare. Mai 6 zuwa 8, aƙalla uku. Mai 9, aƙalla huɗu. Sai an wuce 9 ne ake komawa ga kashi 40 cikin 100. Wanda ya zauna ya buga lissafin zai ga nauyin bai zo daidai ba: hukuma mai mutum 3 ta tsira da kashi 33, mai mutum 8 da kashi 37.5, amma mai mutum 4 da mai mutum 6 sai sun yi raba-daidai. Shi ya sa yawan kujerun hukuma ya zama abin da lauyoyin kamfani ke dubawa kafin komai. Ƙara kujera ɗaya daga 4 zuwa 5, ko daga 6 zuwa 8, ba ya ƙara yawan matan da ake bukata.

Abu biyu kuma ake yawan mantawa. Dokar ba ta ambaci mata ba, "kowane jinsi" ta ce, don haka hukumar da mata suka cika ita ma ta saɓa. Sannan wakilan ma'aikata, waɗanda dokar kamfanoni ta Norway ke ba kujeru a kamfanoni masu ma'aikata sama da 30, daban ake ƙirga su. A dokar ta 2003, idan za a zaɓi biyu ko fiye, a samu mace da namiji, sai dai idan jinsi ɗaya bai kai kashi 20 cikin 100 na ma'aikatan ba, kamar yadda ake samu a kamfanonin jiragen ruwa da na haƙar mai. An raba lissafin ne don kada masu hannun jari su cike gurbin da ma'aikata mata, su kuma su ci gaba da zaɓen mazansu.

Lallashi bai yi ba

An fara da lalama. Kamfanonin gwamnati dokar ta hau kansu daga 1 ga Janairu 2004, su kuwa na ASA aka ce musu idan suka cika adadin da kansu kafin tsakiyar 2005, ba za a tayar da dokar ba sam. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasar, NHO, wadda ta yi adawa da tilastawa, ta ƙaddamar da wani shiri a 2003 mai suna Female Future: kamfanoni su zaƙulo mata daga cikin manajojinsu, a horar da su kan aikin darakta, karanta rahoton kuɗi, dokar kamfani da jagoranci, a haɗa su da masu neman daraktoci. Manufar a bayyane take, a nuna wa gwamnati cewa ba sai da bulala ba. Shirin ya yi amfani, har daga baya aka kai shi Kenya, Uganda da Tanzaniya, amma da wa'adin ya cika kason mata bai kai kashi 20 ba, kuma mafi yawan kamfanonin ba su cika sharaɗin ba.

A ƙarshen 2005 sabuwar gwamnatin Jens Stoltenberg ta tayar da dokar. Duk ASA da za a kafa daga 1 ga Janairu 2006 sai ya cika sharaɗin tun ranar farko, waɗanda suke da rai kuma aka ba su zuwa 1 ga Janairu 2008. Shekara biyun nan da dalili: wa'adin darakta a Norway galibi shekara biyu ne, don haka kowace kujera za ta zo gaban babban taron masu hannun jari aƙalla sau ɗaya kafin lokacin. Ba sai an kori kowa a tsakiyar wa'adinsa ba, ƙin sabunta wa wasu ya isa.

Hukuncin shi ne ƙashin bayan lamarin, kuma wayon da aka yi shi ne ba a ƙirƙiro masa sabuwar hukuma ba. A garin Brønnøysund da ke arewacin ƙasar akwai ofishin rajistar kamfanoni, inda kowane kamfani ke miƙa sunayen daraktocinsa. Tun da can, kamfanin da ba shi da halastacciyar hukumar daraktoci, ko mai binciken kuɗi, ko ya ƙi miƙa rahoton shekara, kotu na iya rushe shi. Sai kawai aka ce hukumar da ba ta cika sharaɗin jinsi ba, ba halastacciya ba ce. Matakan kuwa sanannu ne ga kowane lauyan kamfani: ofishin rajista ya ƙi karɓar sunayen, ya aika da takardar gargaɗi mai wa'adin mako huɗu, idan ba a gyara ba a buga sanarwa ta biyu a bainar jama'a, daga nan a tura wa kotu ta rushe kamfanin. An bar wa gwamnati ƙofa ɗaya, ta iya hana rushe kamfanin da faɗuwarsa za ta girgiza jama'a, ta ci shi tara a madadin haka.

A Janairu 2008 kamfanoni 77 ne suka samu takardar farko. Cikinsu 12 suka kai ga ta biyu. Kafin ƙarshen Afrilu duk sun gyara, kuma ba a rushe ko ɗaya ba. Kason mata ya kai kusan kashi 40, ya kuma zauna a nan. Hukuncin da bai taɓa hawa kan kowa ba shi ne ya yi aikin, saboda babu shugaban hukumar da zai tsaya gaban masu hannun jari ya ce ya sa dukiyarsu a bakin kura a kan kujera biyu. Da tara aka sa, manyan kamfanoni za su saka ta cikin kasafin shekara su wuce. Sifaniya ta gwada ɗaya hanyar a 2007, ta sa burin kashi 40 zuwa 2015 ba tare da hukunci ba, kuma shekarar ta zo ta same ta ko rabin hanya ba ta yi ba.

Ƙofar baya

Tunda dokar ta bi sunan rajista ne, wanda ya canza suna ya fita. Kamfanin ASA da ba ya cikin kasuwar hannayen jari yana iya komawa AS da ƙuri'ar masu hannun jari da 'yan takardu. Øyvind Bøhren da Siv Staubo, a binciken da suka wallafa a 2014, sun gano cewa kusan rabin kamfanonin da dokar ta shafa sun sauya riga, kuma waɗanda suka fi fita su ne ƙanana, waɗanda ba sa kasuwar hannayen jari, masu mallaka ƙalilan, waɗanda da ma ba su da mata a hukumarsu. A cikin shekara goma yawan ASA ya faɗo zuwa ƙasa da rabin yadda yake.

Masu sukar dokar suna son wannan adadin, amma ba duka ne gudun mata ba. A 2007 an cire sharaɗin da ya tilasta wa kamfanonin hada-hadar hannayen jari zama ASA, da yawansu suka koma AS don rage ɗawainiyar rahoto. Ga kuma haɗewar kamfanoni da durƙushewar tattalin arzikin duniya na 2008. Duk da haka, kashi 40 na ƙaramin adadi ba ɗaya yake da kashi 40 na babban adadi ba. Kujerun da ake magana a kansu a ƙarshe 'yan ɗaruruwa ne, a ƙasar da dubban kamfanonin AS ke ɗauke da mafi yawan ma'aikata, kuma a can kason mata ya tsaya kusa da kashi 20 na kusan shekara ashirin.

Daga ina matan suka fito

Babban ƙorafin 2002 shi ne ba za a samu ƙwararrun mata ba. Abin da ya faru a shekarun farko shi ne an yi rububin 'yan kaɗan da aka riga aka sani. Jaridu suka laƙaba musu suna "masu siket ɗin zinare", kuma wadda aka fi ambata ita ce lauya Mimi Berdal, wadda ta taɓa riƙe kujeru fiye da goma a lokaci guda. Masu bincike Cathrine Seierstad da Tore Opsahl sun nuna a 2011 cewa wani ƙaramin rukunin mata ya zama cibiyar da ke haɗa hukumomin kamfanoni da dama. Da ma maza sun shekara suna tara kujeru haka, amma matsalar gaskiya ce: darakta mai kujera goma ba zai karanta takardun kowane zama yadda ya kamata ba, mace ce ko namiji. Dalilin rububin shi ne tsoro. Kwamitin da ke tantance 'yan takara, idan wa'adi ya matso, yakan ɗauki sunan da wani kamfani ya riga ya gwada. Da shekaru suka ja, tarin ya ragu.

Ta fuskar cancanta kuwa, binciken da ya fi zurfi shi ne na Marianne Bertrand, Sandra Black, Sissel Jensen da Adriana Lleras-Muney, wanda ya fito a 2019 kuma ya yi amfani da bayanan albashi da ilimi na ƙasar baki ɗaya. Sun gano cewa matan da aka naɗa bayan dokar sun fi waɗanda aka naɗa kafinta cancanta ta fuskoki da dama, kuma tazarar samun kuɗi tsakanin daraktoci maza da mata ta ragu. Bayanin da ya fi dacewa da wannan shi ne, a da, macen da ke shiga hukuma sau da yawa 'yar gida ce ko matar mai kamfani, amma da aka ce a nemo ɗaruruwa, dole aka fita waje aka duba takardu. Gibin da ya rage shi ne gogewar shugabancin kamfani: kaɗan ne cikin sabbin daraktocin suka taɓa zama manajan darakta, don da ma ba a ba su ba.

Riba ta ragu ko ba ta ragu ba

Nan ne masana suka fi kai ruwa rana. Kenneth Ahern da Amy Dittmar sun wallafa bincike a 2012 da ya ce hannayen jarin kamfanonin da ba su da mata sun faɗi bayan furucin Gabrielsen, kuma darajarsu ta ci gaba da raguwa a shekarun da suka biyo, abin da suka danganta da ƙarancin shekaru da gogewar sabbin daraktoci. An yi ta yawo da wannan sakamakon a duniya. Shekara goma bayan haka Espen Eckbo, Knut Nygaard da Karin Thorburn suka sake bin bayanan, suka nuna cewa idan aka gyara lissafin don la'akari da cewa labari ɗaya ne ya faɗo wa dukkan kamfanoni rana ɗaya, aka kuma raba tasirin girman kamfani da na dokar, faɗuwar ta ɓace. Matsalar asali ita ce manyan kamfanoni ne da ma suke da mata a 2002, don haka wanda ya kwatanta masu mata da marasa mata, a zahiri manya da ƙanana yake kwatantawa.

David Matsa da Amalia Miller sun duba wani ɓangare a 2013. Sun kwatanta kamfanonin da dokar ta shafa da takwarorinsu na Norway da sauran ƙasashen yankin, suka ga waɗanda dokar ta shafa sun rage sallamar ma'aikata, kuɗin albashi ya ƙaru, ribar ɗan gajeren lokaci ta ɗan sauka. Ko wannan asara ce ko hangen nesa, ya danganta da wanda aka tambaya, mai hannun jari ko ma'aikaci. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne kamfanonin ba su durƙushe ba kamar yadda aka yi ta kururuwa, kuma ba su yi wata bunƙasa ta daban ba. Wanda ke tallata kason mata da alƙawarin ƙarin riba yana ɗora wa dokar kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Inda ruwan bai gangara ba

Fatan da aka yi shi ne mata daraktoci za su jawo mata manajoji. A Norway hukumar daraktoci ba ita ke tafiyar da kamfani kullum ba. Tana zama 'yan lokuta a shekara, ta amince da kasafi da manyan tsare-tsare, ta naɗa manajan darakta ko ta sauke shi. Wanda zai zama shugaban sashen haƙar mai ko na tallace-tallace, manajan darakta ne ke zaɓensa. Binciken su Bertrand bai ga wata shaida ba cewa matan da ke aiki a waɗannan kamfanoni sun samu ƙarin girma ko albashi cikin shekara bakwai da cikar wa'adin. Ƙididdigar da cibiyar binciken daidaiton jinsi ta CORE da ke Oslo ke fitarwa kan manyan kamfanoni 200 na ƙasar ta nuna har zuwa 2024 mata ba su kai kashi 20 cikin 100 na manajan daraktoci ba. An samu fitattu, irin su Kjerstin Braathen a DNB da Hilde Merete Aasheim a Norsk Hydro, dukkansu a 2019, shekara 11 bayan wa'adin.

Dalilin yana ƙasa da hukuma. Hanyar zuwa kujerar manajan darakta tana bi ta muƙaman da ke riƙe da riba da asara, wato shugabancin masana'anta, reshe ko sashen kasuwanci. Matan da suka kai sahun gaba galibi a sashen ma'aikata, shari'a ko hulɗa da jama'a suke. Ga kuma yadda kasuwar ƙwadagon Norway ta rabu: mata sun fi yawa a aikin gwamnati, asibiti da makaranta, maza a kamfanoni masu zaman kansu. Ita ma kujerar shugaban hukuma, wadda ke tsara abin da za a tattauna kuma ke magana da manajan darakta tsakanin zama da zama, dokar ba ta taɓa ta ba, kuma ta ci gaba da zama ta maza a mafi yawan kamfanoni.

Ƙasashen da suka biyo baya sun ɗauki darasi daga wannan gibin. Faransa ta kafa kashi 40 na hukumomi a 2011, sannan a 2021 ta ƙara wata doka da ta shiga cikin manyan manajoji na kamfanoni masu ma'aikata 1,000 zuwa sama. Jamus ta fara da kashi 30 a hukumomin sa ido a 2015, a 2021 ta wajabta mace aƙalla ɗaya a hukumar zartarwar manyan kamfanoni idan membobinta sun wuce uku. Tarayyar Turai ta amince da nata umarnin a Nuwamba 2022, shekara goma bayan kwamishinarta ta shari'a, Viviane Reding, ta gabatar da shi: kashi 40 na daraktocin da ba na zartarwa ba, ko kashi 33 na dukkan daraktoci, zuwa ƙarshen Yuni 2026. A Najeriya ma, a 2012 lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki, an sa wa bankuna burin kashi 30 na hukumomi da kashi 40 na manyan manajoji, wato an haɗa hawa biyun tun farko, sai dai buri ne, ba a ɗaura masa hukunci irin na Brønnøysund ba.

Norway da kanta ta koma ta toshe ƙofar bayan. A Yuni 2023 gwamnati ta cimma yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago ta LO da kuma NHO, wadda ta yi adawa shekara ashirin da suka wuce, kuma a Disamba majalisa ta faɗaɗa dokar zuwa matsakaita da manyan kamfanonin AS da wasu nau'o'in kamfani. Wannan karon girman kamfani ake dubawa, kuma a hankali ake saukowa: masu kuɗin shiga sama da kroner miliyan 100 zuwa ƙarshen 2024, masu ma'aikata sama da 50 zuwa tsakiyar 2025, sama da 30 a 2026, sannan kuɗin shiga miliyan 70 a 2027 da miliyan 50 a 2028. Gwamnati ta ƙiyasta kamfanoni kusan 20,000 za su shiga, kuma za a bukaci sabbin daraktoci kusan 13,000. An juya lissafin zuwa iyakar da jinsi ɗaya ba zai wuce ba: biyu a hukuma mai mutum 3 ko 4, uku a mai 5 ko 6, huɗu a mai 7, biyar a mai 8, kashi 60 daga 9 zuwa sama. Sharaɗin ya fara ne daga hukuma mai mutum 3, kuma dokar AS ta yarda hukuma ta kasance mutum ɗaya ko biyu, don haka mai kamfanin da ba ya so yana iya rage kujerunsa zuwa biyu ya fita.